Wasan Hula a Garin Masu Rawani

A Magariya na fara gane cewa na bar gida. Wani jandarma ya karɓi katina ya yi mini tambaya da Faransanci, na mayar masa da Turanci, muka tsaya muna kallon juna kamar raguna biyu a turke ɗaya. Can ya ce da Hausa garau, "Baba, ina za ka?" Na ce Agadas, koyarwa. Ya dubi tumbina, ya dubi akwatin ƙarfen da nake rungume da shi, ya ce Allah ya kai ni lafiya, da irin muryar da ake yi wa mai jinya addu'a.

Sunana Sabo, mutumin Roni, amma ko matata Hadiza Ticha take ce mini. Na koyar da Turanci tsakanin Roni da Gwiwa har alli ya shiga jinina, in na yi atishawa fari ne ke fita. A cikin shekarun nan na lura cewa ba dogayen kalmomi ke kayar da ɗalibi ba. Gajerun nan ne masu goyo. Ka ga put shi kaɗai, ajiyewa ne. Ka goya masa on a baya, ya koma sanya riga. Yaro zai haddace su da safe, kafin azahar sun zube. Amma in ya yi su da hannunsa yana dariya, sun zauna ke nan har ya tsufa. Shi ya sa na ƙirƙiri wasanni, na zana katuna da hannuna, mutum yana tashi, mutum yana zama, mutum yana kunna fitila, na cika akwatin nan da su na sa kwaɗo.

Wanda ke zaune kusa da ni a motar da na shigo shi ne Isufu, wani mai fara'a da na haɗu da shi a kasuwar Babura ranar da na raka surukina na Kanya Babba sayar da bijimi. Shi ya ce mini akwai wata babbar makaranta a Agadas da ke neman shugaban sashen Turanci, da gida da babur. Kafin labarin ya isa majalisarmu ta gindin dalbejiya, babur ya zama mota a bakina, gidan ya zama bene. Na ajiye aikina. Hadiza ta ce dai in tafi da bargo mai kauri.

A tashar Damagaram Isufu ya tambaye ni me ke cikin akwatin da ba na yarda ya taɓa ƙasa. Na daki murfin na ce masa duk dukiyar da na tara a duniya tana ciki. Ya jinjina kai. Ya ce in zauna a rumfar mai shayi in huta, shi zai je ya ɗora akwatin a motar Agadas ya yanko mana tikiti, in ba shi kuɗin motar da na rajistar aiki gaba ɗaya. Na ba shi. Na sha shayi. Na ƙara. Na ba mai shayi tarihin Roni tun daga kafuwarta. Da inuwar rumfar ta juya ta koma ɗaya gefen, mai shayin ya ce, "Malam, wanga abokin naka, ka san gidansu?"

Na zagaya tashar nan har takalmina ya san kowane rami. Babu Isufu, babu akwati. Na dawo na zauna a benci. Sai kuma na hango Isufu a raina, ya kulle ɗaki, ya fasa kwaɗo, ya zaro katin farko: wani ƙato da na zana yana cire takalmi. Dariya ta ƙwace mini har hawaye, mai shayi ya matsar da butarsa nesa da ni.

Daga Damagaram Roni ta fi Agadas kusa nesa ba kusa ba. Amma a Roni akwai majalisa, kuma na san wanda zai fara tambayata ina na ajiye motar. Ina cikin wannan tunani wani direban babbar mota mai suna Hamza ya ji maganata ya ce wannan Hausar ƙasar Kazaure ce. Ashe mahaifiyarsa 'yar Gwiwa ce. Muka lissafo dangi har muka kusa zama 'yan uwa. Ya ce gero zai kai Agadas, in ba na tsoron rana in hau saman buhuna.

Na hau. Daga Tanut bishiyoyi suka fara raguwa kamar gashin kaina, har aka zo inda in ka ga ƙaya guda ɗaya sai ka ji kamar ka yi mata sallama. Rana ta gasa ni ta gaba, ta juya ni ta gasa bayan. Kafin Adarbisnat taya ta fashe, muka yini a ƙarƙashin mota muna shan ruwan jarka mai ɗanɗanon fetur. A nan kewar gida ta kama ni da gaske. Na rufe ido ina ganin duwatsun Roni bayan ruwan farko, ina jin ƙanshin soyayyen kifin bakin dam na Kazaure, har da faɗan Hadiza in na shigo da takalmi kan tabarma. Hamza ya fasa ƙuli-ƙulinsa biyu ya miƙo mini rabi mafi girma. Bargon nan kuwa, da sanyin asuba ya sauko, na sa wa Hadiza albarka har muryata ta dushe.

A Agadas muka nemi makarantar Isufu. Inda ya kwatanta mini, shagon faci ne. Mai facin ya ce ni ne na uku da ya zo neman makarantar nan.

Hamza bai yar da ni ba. Ya kai ni wajen wata gwaggon matarsa, Hajiya Tamu, mace mai jiki da murya, wadda ke da zaure babba da benci inda 'yan mata ke koyon ɗinki da safe. Ta saurari labarina tana ɓare gyaɗa. Ta ce ita ba ta da bene, amma tana da mutane. Maƙeran azurfa ne, Abzinawa. Da can Turawa masu yawon buɗe ido ke zuwa har ƙofar maƙera su saya, yanzu sun daina zuwa, dole su maƙeran su ɗauki zobba da sarƙoƙi su kai Abuja da Legas. Can kuma ciniki na kuɓuce musu saboda Turanci. Sun yi malami ɗaya, ya cika allo da rubutu, suka gudu.

Sharaɗinta ɗaya ne. Zan kwana a ƙaramin ɗakin da ke jikin zauren, zan ci daga tukunyarta. In maƙeran suka zauna a ajin har lokacin tafiyarsu kasuwa bayan Babbar Sallah, za ta riƙe ni shekara da albashi. In suka watse, akwai mai albasa da ya daɗe yana neman ɗakin.

"Kuma ka sani, Mushe Sabo," in ji ta, don haka suke kiran malamin boko a can, "ajin ga na Baba Agali ne. In ya zo, kowa ya zo. In ya tashi, kai da benci."

Bayan la'asar suka shigo. Maza dogaye, kowa ya naɗe kai da fuska da rawani, ba abin da kake gani sai idanu. Na saba da aji mai haƙora, yau ga ni gaban idanu zalla. Baba Agali ya zauna a gaba, tsoho siriri mai baƙin rawani mai sheƙi, hannayensa duk tabon wuta. Can ƙarshen benci, nesa da shi iyakar nisa, wani matashi mai suna Gumar ya rakuɓe. An ce mini mijin 'yar Baba Agali ne. Ban ɗauki wannan da wani nauyi ba.

Tunda katuna suna hannun Isufu, sai na fita waje na cika hulata da tsakuwa. Na raba su gida biyu, na zube tsakuwa a gaban kowa. In na ce pick up a ɗauka, in na ce put down a ajiye, in na ce hand over a miƙa wa na kusa. Ina farawa a hankali, sai in yi sauri kamar mai kiɗan kalangu ya ga Alhaji. Wanda ya ruɗe ya fita, ɓangaren da ya ƙare shi zai dafa shayi. Da farko suna yi kamar ana tilasta musu shan magani. Amma maƙeri ba ya son a ce hannun wani ya fi nasa sauri. Kafin magariba benci na rawa, tsakuwa na tashi sama, ana zagin juna da yarensu. Na ga kafaɗun Baba Agali suna girgiza, na gane cewa a cikin rawanin nan dariya ake yi.

Sai na kawo wasan kasuwa. Na ari gyalen Hajiya na yafa, na zama wata hamshaƙiyar Madam ta Abuja, ina tafiya ina karkaɗa tumbi. Mai kaya zai ce mini try it on, in gwada zobe, in yatsine fuska, in yi kamar zan wuce da shi, dole ya ce give it back kafin in kai ƙofa, in ba haka ba zobe ya zama na Madam. Ranar farko na tara zobba har yatsun ƙafa. Bayan 'yan kwanaki ko taku biyu ba na yi. Gumar ya fi kowa kama abu, sai dai in surukinsa na kallo muryarsa ba ta fita. Na kira Hadiza na ce mata Agadas ta zama tawa, ta fara shirin tarewa a bene.

Sai na tuna da wasan hula.

Wasan nan shi ne sarkin wasannina a Gwiwa. A yi da'ira. In na ce take off, kowa ya cire hularsa. In na ce put on, ya kifa ta a kan na kusa da shi. A yi ta juyawa har mai ƙaton kai ya ƙare da 'yar hular da ba ta rufe masa ko tsakiya ba. Yara har birgima suke yi. Na ce a raina, rawani ma ai hula ce mai tsawo.

Na tsayar da su da'ira na ce take off. Ba wanda ya motsa. Na cire tawa na ɗaga sama, sanƙona na walƙiya, na maimaita. Idanu kawai. Na ɗauka ba su gane ba ne. To mu a gida, in za a fara abu a taro, da babba ake farawa, tsallake shi raini ne. Don haka cikin ladabi na matsa gaban Baba Agali, na ɗan rusuna, na sa yatsa biyu na ja amawalin da ya rufe masa baki zuwa haɓa.

Abin da na gani bai wuce farin gemu da baki irin na kowa ba. Amma zauren ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Gumar ya juya da sauri ya manna fuskarsa a bango. Sauran suka sunkuyar da kai. Tsohon ya ɗaga hannu a hankali ya mayar da amawalin, ya ja shi sama har ya kusa rufe idanu. Ya sa takalmansa ya fita. Ɗaya bayan ɗaya suka bi shi. Aka bar ni da hula a hannu da benci, kamar yadda Hajiya ta faɗa.

Ita ta warware mini, tana yi tana tafa hannu. Ta ce dattijon Abzinawa ba ya buɗe bakinsa a gaban mutane, ko shayi zai sha ta ƙarƙashin amawali yake shigar da kofi. A gaban suruki kuwa abin ya fi tsanani, Gumar bai taɓa ganin bakin tsohon ba, ko abinci ba ya ci a inda yake. Ta ce da na tuɓe masa wando a tsakiyar kasuwa da abin ya zo da sauƙi. Washegari ba wanda ya zo. Wanshekare ma haka. Rana ta gaba na ga mai albasa a ƙofar ɗakina yana auna faɗinsa da taku. Hajiya ta ce tana jin tausayina, amma Juma'a ce iyaka.

Na shirya ban haƙuri irin namu. Na tafi maƙerar Baba Agali, wata rumfa ta tabarmi a bayan gidansa, na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa, na cire hula, na buɗe baki zan fara jawabin da na kwana ina tsarawa. Wani daga cikin ɗalibaina ya taso ya mayar mini da hular kaina, ya raɗa mini cewa in rufa wa kaina asiri, kuma kada in kuskura in ambaci abin da ya faru, ambatonsa sake yin sa ne. Wato ni da aka sani da magana tun daga Roni har Babura, an ce maganina shi ne shiru.

Na rasa abin yi, sai na zauna. Tsohon bai dube ni ba, bai kore ni ba. Can wanda ke zuga wuta ya tashi, na matsa na kama zugazugin. Na yini ina zuga. Washegari na dawo. Hayaƙi ya mayar da ni baƙi ƙirin, gumi ya rage mini tumbi da kusan rabi, kalmomi suka taru a cikina har ina jin suna motsi kamar na haɗiyi kwaɗi. Da aka dafa shayi aka zagaya da kofi, aka tsallake ni. Rana ta biyu ma haka. Ta uku, kofi ya tsaya a gabana.

Ranar Alhamis da hantsi, ina zuga, na ji wata 'yar murya daga cikin baƙin rawani. Baba Agali ya ɗauki awartaki yana cewa pick up a hankali, don kansa. Ya ajiye, put down. Na ci gaba da zuga kamar ban ji ba, zuciyata kuwa tana kiɗan sallah. Sai ya ɗago ido ya dube ni, karo na farko tun ranar.

"Bahaushe," ya ce. "Stand up."

Na miƙe.

"Sit down."

Na zauna. Ya sake tayar da ni, ya sake zaunar da ni. Gudumomi suka tsaya. Ya sa na ɗauki guduma, na ajiye, na miƙa wa na kusa, na karɓo. Yana ƙara sauri daidai yadda nake yi musu, ni kuma ina haki ina tuntuɓe da tabarma, ga ni ƙato. Sauran suka fara jefo nasu, kowa na ba Ticha umarni. Ko ɗaya ba su yi kuskure ba, na lura da wannan duk da numfashina na neman barina. Har Gumar, daga bayan turken rumfa inda surukinsa ba ya ganin sa, ya ce in juya, na juya.

Sai tsohon ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya nuna hulata.

"Take off."

Na cire. Ya bar ni haka, sanƙo a rana, gaban kowa, har na ji kunya ta sauko mini daga ƙeya zuwa dugadugai. Sannan ya jawo wata jakar fata, ya zaro farin yadi mai tsawon da zai kai daga Roni zuwa Kazaure. Ya yafito ni na durƙusa. Da hannunsa mai tabon wuta ya shiga naɗa mini, zagaye bayan zagaye, ya ɗaure tamau, ya jawo amawali ya rufe mini baki har hanci.

"Put on," ya ce. Ya koma Hausa. "Yanzu mun huta. Kai ma bakinka ya samu ɗaki."

Rumfar ta fashe da dariya. Ni ma ina yi, sai dai ba wanda ya gani, kuma a nan na gane amfanin abin, domin ba dariya kaɗai nake yi a ciki ba.

Tsohon ya ce ba zai koma benci ba, gwiwoyinsa ba sa so, kuma mutum ya fi riƙe magana in kayan aikinsa na hannunsa. In ina so, a yi karatu a nan. A ranar muka ƙirƙiri wasan da ya fi duk katunan da Isufu ya gudu da su. Kowa da aikin gabansa, ɗaya ya ba da umarni, wanda ya kuskure ya karɓi zugazugi. Ana narka azurfa ana heat up, ana tsoma ta a ruwa ana cool down, ana naɗe sarƙa a takarda ana wrap up. Gumar yana zama bayan turke, daga can yake cinye kowa, surukinsa kuma yana yi kamar bai san muryar waye ba.

Da safiyar Juma'a Hajiya Tamu ta zo maƙerar, mai albasa na biye da ita da mabuɗi a ransa. Ta tsaya tana dube-dube, ta tambaya ina Mushe Sabo. Na amsa daga cikin rawani. Ta dafe ƙirji, ta yi salati, ta bi mutanen da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ga har da waɗanda ba su taɓa zuwa zaurenta ba. Ta juya ta ce wa mai albasa ya nemi wani ɗakin.

Bayan Sallah suka tafi kasuwa. Gumar ya kira ni daga Abuja, muryarsa a sake tunda suruki na nesa. Ya ce wata Madam ta zo, tafiyarta sak irin tawa, har tumbin. Ya ce mata try it on, ta gwada, ta yi kamar za ta wuce, ya tare ta kafin ta yi taku biyu. Ta yi dariya ta sayi sarƙa da 'yan kunne.

Na yi shekarata cur, na ƙara wata shekarar. Ranar da na sauka a Roni na bi ta majalisa da rawanina, amawali har hanci. Aka yi ta amsa sallamata da ladabi ana matsa mini wuri, an ɗauka wani baƙon malami ne. Sai da na zauna wanda na san zai tambaya ya gane tumbin, ya ce, "Ticha, ina motar?" Na nuna masa rawanin kaina na ce ga benen dai, hawa bakwai ne, motar tana tafe.

A gida Hadiza ta zagaya ni sau biyu tana kallo. Na kai hannu zan sauke amawalin in fara ba ta labari tun daga Magariya. Ta riƙe mini hannu.

"Bar shi tukuna, Ticha," ta ce. "Bari in gama tuƙa tuwo."